Jarrabawata a Gefen Gadon Alhaji Mamudu

Da la'asar na sauka Paraku, a cikin wata mota da ta ɗebo mu daga Malanbil, garin kan iyaka, tare da buhunan albasa. Direba ya tsaya a gar, wato gefen tashar jirgin ƙasa inda manyan motoci ke lodi, ya ce nan ne ƙarshen tafiya. Na sauke jakata, na raɓe a inuwar wata tirela ina jiran mutumin da ya yi alkawarin tarye na.

Mutumin nan shi ya zauna a zauren gidanmu a Argungu, ya gaya wa Baba cewa akwai makarantar koyon aikin likita a Paraku wadda ake karatu da Ingilishi, an tanadar mini gurbi da ɗaki, zuwana kawai ake jira. A lokacin na nemi gurbin likitanci a gida har na gaji, sa'o'ina sun yi nisa da karatu ni ina zaune. Baba ya sayar da gonarsa ta fadama ya danƙa masa kuɗin. Ina tsaye a gar na yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Har yau ban ƙara jin muryarsa ba.

Wanda ya lura da ni wani dattijo ne ɗan kamasho mai suna Baba Hasan, mutumin Dogon Dutsi ta ƙasar Nijar, wanda ya tsufa a tashar nan yana haɗa direbobi da masu kaya.

"Yaro, tun ɗazu kana nan kamar an dasa ka. Wa kake jira?"

Na ba shi labari. Bai yi dariya ba, bai kuma nuna mamaki ba.

"Wannan lakkol, makarantar da aka gaya maka, babu ita," in ji shi. "Ta lokotoro, wato ta likitoci, guda ce na sani a garin nan, kuma da Faransanci ake yin ta. Ba kai ne na farko da aka ajiye a gindin kamyon nan ba. Ɗauko jakarka, magariba ta kusa."

Bayan salla na kira gida na faɗi gaskiya. Baba ne a kan layin. Sai na ji muryar Inna, mahaifiyata, ta karɓi wayar.

"Nafi'u, gona ta riga ta tafi. Ko ka dawo ba tare da ita za ka dawo ba. In akwai ta Faransancin, zauna ka koyi Faransancin."

Haka na zauna. Baba Hasan ya ba ni gefen ɗakinsa a bayan masallacin tasha. Da safe in yi dakon doya da auduga, da yamma in je wajen wani tsohon malamin firamare da ke koyar da direbobi da 'yan kasuwa Faransanci a ƙarƙashin rumfa. Harshen ya yi mini nauyi. Abin da aka rubuta daban, abin da ake furtawa daban, ga tebur namiji ko mace sai ka haddace. A kasuwa kuma Dandanci da Baribanci ake yi, in na buɗe baki sai a ce, "Nijeriya," a ƙara farashi. Kullum sakwara, kullum doya. Akwai ranar da wata mata ta wuce da busasshen kifi a tire, ƙamshin ya buge ni, na tuna miyar Inna da tuwon shinkafa, na zaga bayan wata mota na zauna har abin ya lafa.

Sai da shekara ta zagayo har da ɗoriya kafin na samu shiga makarantar. Shekaru biyun farko na littafi ne, kuma littafi bai taɓa ba ni tsoro ba. A jarrabawar rubutu mutum na da lokacin juya magana a kansa kafin ya sa alƙalami. Na riƙa wucewa, har na fara ganin kamar wahala ta ƙare.

A shekara ta uku aka fara koya mana aikin hannu, a nan na haɗu da Madam Ajobi. Farfesa ce, 'yar kudu, gajeriya, tabaraunta na rataye da zare a wuya, ba ta ɗaga murya. Ɗakin koyarwarta yana ƙarshen baranda. A ciki akwai mutum-mutumi na roba mai ƙirjin da ke numfashi da bugun zuciya in an kunna shi, da wani hannun roba mai jijiyoyi da aka cika da jan ruwa don koyon allura. Ɗalibai sun tsattsaga hannun nan har yana yoyo ta ko'ina. In wuta ta ɗauke, zuciyar mutum-mutumin ta tsaya, sai Madam ta ce, "To, ga ku nan da zuciyoyinku. Kowa ya kama abokinsa."

Abokina Kojo ne, Kirista daga bakin teku, mai yawan barkwanci. A hannunsa na fara neman jijiya da allura ta gaske. Na soka na kuskure, na sake na kuskure, wurin ya yi baƙi. Ya miƙo ɗaya hannun ya ce, "Ga sabo, wancan ka cinye shi."

Ranar da za mu fara duba ciki, Madam ta shigo da tawul-tawul da kwando. Ta sa lemo a ƙarƙashin wani tulin tawul, ƙwai a ƙarƙashin wani, dutse a wani, wani kuma ba komai. Ta ce mu rufe ido mu faɗi abin da ke ƙasa. Yawancinmu muka riƙa dannawa da ƙarfi, wani har ya fasa ƙwan.

"In ka danna da ƙarfi, yatsunka kake ji," in ji ta. "Ɗora hannu ka jira. Abin da ke ciki shi zai zo ya same ka."

Ta koya mana mu gaisa kafin mu taɓa, mu nemi izini, mu murza tafin hannu ya yi ɗumi, mu faro daga nesa da wurin da ke ciwo, ido kuma ya zauna a fuskar marar lafiya. Duk wannan na gane. Matsalata baki ce. Tambaya takan taso mini da Hausa, ta bi ta Ingilishi, kafin ta fito da Faransanci har marar lafiya ya gaji da kallona. In Babariba ne kuma sai mai fassara ya shiga tsakani. Sau da yawa Madam na tsaye a bayana tana jira, ni ina laluben kalma.

A cikin makonnin nan na darasin ciki ne ƙanwata Hauwa'u ta kira ni.

"Yaya, Inna ba ta son a gaya maka, amma idonta ya yi rawaya. Cikinta kuma sai ƙara girma yake, zaninta ma da ƙyar yake zagaye ta."

Na fita daga aji na tsaya a bayan gini. Na ce ta kwantar da Inna rigingine, ta naɗe mata ƙafafu.

"Sa hannunki ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Kar ki danna. Ce ta ja numfashi sosai. Me kika ji?"

"Ni dai tauri nake ji, Yaya. Kamar an sa mata dutse."

"Sumul yake ko da ƙulli-ƙulli?"

"Da ƙulli-ƙulli."

Ina jin muryar Inna daga nesa tana cewa, "Ke, wannan hannu naki sanyi gare shi, likitan naku bai gaya miki ba?" Suka yi dariya su biyu. Ni ban iya yi ba, domin a safiyar nan aka gama yi mana bayanin abin da hanta mai irin wannan tauri ke nufi.

Na sa aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Na ce zan taho, ta hana. Ta ce jarrabawa ta kusa, in gama in zo da sakamako a hannu, ta fi son haka. Ba ta kai ba. Wata safiya ina shirin fita Baba ya kira, ya ce in yi haƙuri, Inna ta cika, ana shirin kai ta. Ko a lokacin na kama hanya, kafin in ƙetare kogin kan iyaka an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Baba Hasan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar masallacin tasha ya zaunar da ni. Direbobi da 'yan dako suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini gaisuwa, Zabarmawa da Hausawa da Yarabawa, mutanen da ba su taɓa ganin Inna ba. Ana lodi a gefe, injuna na ruri, ana ɗaga hannu ana fatiha. Kojo ya zo ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarmar har rana ta faɗi, ranar ce kaɗai na taɓa ganin bakinsa a rufe.

Jarrabawar aikin hannu ta zo bayan haka ba da daɗewa ba. Ɗakuna ne a jere, kowanne da aikinsa. A wani ka auna jini, a wani ka saurari ƙirji, a wani ka yi wa mutum tambayoyi. Ana ba ka 'yan mintoci, in an kaɗa ƙararrawa ka fita ka shiga na gaba, ko ka gama ko ba ka gama ba. Marasa lafiyan ba na gaskiya ba ne, mutanen gari ne da aka koya wa abin da za su ce da inda za su yi ƙara in an taɓa. Malami na zaune a kusurwa yana duba abin da ka yi da abin da ka tsallake.

Na lallaɓa na wuce ɗakunan farko. Da na shiga ɗakin duba ciki, na tarar da wata dattijuwa kwance, ta rufa da zani, ƙafafunta da tsohon lalle. Madam Ajobi ce a kusurwa. Na gaisa, na nemi izini, na murza hannu. Na ɗaga shi a kan cikinta, ya tsaya a sama. Na san kowane mataki, ina jin su suna jeruwa a kaina, amma hannun ya ƙi sauka. Matar ta dube ni ta yi mini alama da ido in ci gaba. Ina nan tsaye aka kaɗa ƙararrawa. Sauran ɗakunan ban san me na yi a ciki ba.

Da sakamako ya fito, Madam ta kira ni ofishinta. Na gaya mata abin da ya faru a gida. Ta cire tabarau ta yi mini ta'aziyya, ta tambayi sunan Inna, ta maimaita shi daidai. Sannan ta ce:

"Na ga takardarka ta rubutu, ka san abin. Amma ba zan ba ka makin abin da hannunka bai yi ba. Wata rana wani zai kwanta a gabanka, ba wanda zai tambaye shi ko likitansa na cikin baƙin ciki."

Ta ce waɗanda suka faɗi za a tura su asibitocin ƙananan garuruwa su yi dogon hutu a can suna sitaji, wato aikin koyo a ɗakin marasa lafiya. A ƙarshe za ta zo da kanta ta jarraba mu a kan marar lafiya na gaskiya. Wanda ya sake faɗuwa, an sallame shi. Ni Jugu aka ba ni.

Na so in je gida ko da na kwana biyu ne. Baba ya ce, "Kabarinta na nan, za ka iske shi. Tafi inda aka tura ka."

Jugu tsohon gari ne, tsofaffinsa Zugu suke ce masa. Masallatai a kowane lungu, kasuwa cike da goro da doya, manyan hanyoyi sun haɗu a tsakiya. A nan na fara jin Hausa a bakin mutanen da ba baƙi ba, jikokin fataken goro, Hausa mai wasu tsofaffin kalmomi da tun rasuwar kakata ban ji ba, gauraye da Dandanci da Faransanci. Aka ba ni ɗaki a bayan asibiti. Likitan da ke kula da mu aiki ya yi masa yawa, sai ya nuna maka gado ya wuce.

Na faro daga wuyan hannu. Daga nan ƙirji, daga nan cikin yara da samari. Dattawa kuwa in na zo kansu sai in sami dalilin barin wa wani. Ranar kasuwar Kolokonde mukan bi wata ungozoma a kan babur zuwa ƙaramin asibitin can, ta hanyar daji mai laka, tsakanin gonakin doya da dawa. Mata masu ciki ke zuwa awo. Da yawa ba su yarda namiji ya taɓa su, sai in tsaya waje. Wata rana wata manomiya mai yawan dariya ta ce in zo, ita ba ruwanta. Na ɗora hannu ina neman kan jaririn, sai ya harbe ni da ƙafa, har tafin hannuna ya motsa. Na zabura. Ita da ungozomar suka yi ta dariya. Na mayar da hannun na bar shi a wurin, ya sake harbi. A kan babur muna komawa na lura wannan ne karo na farko tun rasuwar Inna da na taɓa cikin babban mutum ban ji ƙirjina ya toshe ba.

Madam ta iso wata safiya ana yayyafi. Mu uku ne masu maimaitawa, aka yi ƙuri'a. Na sami wani ƙaramin ɗaki a ɓangaren maza, inda aka kwantar da wani dattijo da aka dawo da shi daga Paraku bayan an yi masa hoton ciki. Ban taɓa duba shi ba, haka dokar take. Sunansa Alhaji Mamudu, tsohon ɗan kasuwar goro.

Na shiga, Madam na biye da ni da allon rubutunta. Tsohon ya rame, ciki ya yi gaba, idanu rawaya. Na yi gaisuwa da Faransanci kamar yadda muka saba. Ya juya fuska bango ya ce ƙasa-ƙasa, da Hausa:

"Ga wani kuma. Tun jiya ake matsa ni kamar goro a kasuwa, kowa ya latsa ya wuce."

Na ce, "Sannu Baba. Ina jin ka."

Ya juyo a hankali. "Kai ɗan ina ne? Wannan ba Hausar Zugu ba ce."

"Daga Argungu nake."

"Kabi! Kakan kakana daga can ya taso da jakuna zai je Gwanja. Ya tsaya nan hutawa, har yau muna hutawa."

Madam ta tambaye ni me ya ce. Na gaya mata ya gaji, ɗalibai sun dame shi, ba ya son a ƙara taɓa shi. Ta dubi agogo ta dube ni. "To, me za ka yi?"

Na durƙusa gefen gadon na gaya masa gaskiya: ni ɗalibi ne, wannan malamata ce, yau jarrabawata, amma jikinsa nasa ne, in bai yarda ba ba zan taɓa shi ba.

"In ban yarda ba, me za a yi maka?"

"Wannan ba nauyinka ba ne, Baba."

"Tambayarka na yi."

"Za a iya sallamata."

Ya kalli rufi. Can ya ce, "To zo. Amma da sharaɗi. Abin da hannunka ya ji, bakinka zai gaya mini. Duk wanda ya taɓa ni sai ya yi Faransanci a kaina ya fita. Ɗana Bashir kuma kullum sai ya ce shawara ce, za ta wuce. Ni ba yaro ba ne."

Na ce ba ni da ikon ɗaukar wannan alkawari sai na tambayi malamata. Na fassara mata. Ta dubi tsohon, sannan ta ce, "Ce masa na yarda. Fara."

Na duba idanunsa da tafin hannunsa da harshensa. Na naɗe masa ƙafafu, na murza hannuna. Hannun na rawa, tsohon ma ya gani. Na faro daga ƙasa ta hagu, a hankali, ina kallon fuskarsa. Da na zo dama na ɗora hannu na ce ya ja numfashi. Abin ya sauko ya bugi yatsuna, can ƙasa da haƙarƙari, mai tauri, da ƙulli-ƙulli. Muryar Hauwa'u ta faɗo mini a kunne kalma da kalma. Idona ya cika. Na bar hannun inda yake na ce, "Ƙara ja, Baba." Na bi gefen hantar har inda ta tsaya. Na ƙwanƙwasa cikin da yatsa, na juya shi gefe na sake ƙwanƙwasawa, na ji yadda ruwan da ke ciki ya gangara. Na rufe shi da mayafinsa, na miƙe na yi wa Madam bayani da Faransanci. Na yi tuntuɓe a wasu kalmomi, amma na kai ƙarshe: ina zaton ciwon daji ne na hanta, kuma ya yi nisa.

Ta yi mini tambayoyi, wasu na amsa, ɗaya ban sani ba na ce ban sani ba. Sai ta kife allon a kan tebur, ta jawo kujera ta zauna, ta nuna mini wata.

"Jarrabawa ta ƙare. Hoton da aka yi masa ya nuna abin da ka ji. Zauna, kar ka tsaya a kansa. Tambaye shi ko duka yake son ji, kuma wa yake so ya kasance a nan."

Ya ce duka, kuma a kira Bashir. Bashir ya shigo, magidanci ne mai shago a kasuwa. Da ya gane abin da ake shiri, ya fara magana da Madam da Faransanci da sauri, yana cewa sun roƙi a rufa wa tsohon, jin wannan zai karya shi.

"Bashir," in ji Alhaji Mamudu, "yi Hausa."

Bashir ya jingina da bango.

Madam ta riƙa magana guntu-guntu, ni ina mayarwa. Ban taɓa sanin nauyin harshena ba sai ranar. Da Faransanci kalmar ciwon sunan darasi ce, da na faɗe ta da Hausa sai da bakina ya bushe.

"Akwai magani?" in ji shi.

"Na warkewa babu, Baba. Na rage zafi da rage ruwan akwai, kuma ba za a bar ka da ciwo ba."

"Da saura nawa?"

Na mayar wa Madam, ta amsa, na ce, "Sani na Allah ne. Amma a abin da likita ke gani, watanni ne, ba shekaru ba."

Ya lumshe ido. Leɓunansa na motsi. Bashir ya rufe fuska da hularsa. Da tsohon ya buɗe ido sai ya ce, "Alhamdu lillahi. To a sallame ni. Ina da 'ya a Kolokonde da muka yi shekaru ba ma magana, ina da ƙane a Kumasi. Da kun bar ni ina jiran shawara ta wuce, da yaushe zan kira su?" Ya kamo hannuna ya riƙe. "Allah ya ba ka sa'a, ɗan Kabi. Ka cika alkawari."

A baranda Bashir ya tare ni, idonsa ja. "Kai wa ya aiko ka? Ka zo daga wata ƙasa, a cikin minti kaɗan ka rushe abin da muka daɗe muna tarewa. In ubanka ne za ka gaya masa?" Ya wuce ya bar ni. Har na bar Jugu bai ƙara amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da rana Madam ta same ni a gindin mangwaron asibiti, direbanta na jira.

"Ba ka duba ƙafafunsa ba, kuma a kumbure suke. Ba ka nemi saifa yadda ya kamata ba. Ka ɓata lokaci da yawa kafin ka fara. Duk na cire maki." Ta mayar da tabaraunta. "Ka wuce, amma da kaɗan."

Na ce na gode.

"Hannunka na rawa har yanzu. Wataƙila ya daina, wataƙila ba zai daina ba. Ka ci gaba da ɗora shi." Ta shiga mota.

Kafin in tashi na je gaida Alhaji Mamudu a gidansa, wani tsohon gida mai zaure a bayan babban masallaci, ko'ina ƙamshin ganyen da ake naɗe goro. Na same shi a kan tabarma, wata mata na yi masa fifita, ya ce ita ce ta Kolokonde. Ya sa aka kawo mini fura, ya yi ta tambayata ko har yanzu ana kama manyan kifaye a kogin Argungu, garin da bai taɓa gani ba. Bayan na koma Paraku ne ungozomar nan ta aiko mini cewa ya rasu a ɗakinsa, ƙanensa na Kumasi ya iso da kwana biyu.

Na tattara 'yan kayana, Baba Hasan ya sa ni a gaban wani kamyon, babbar motar kaya, da zai je Malanbil, ya hana direban karɓar ko sisi. Rabona da gida tun ranar da na fito.

Gidan ya yi mini faɗi. Hauwa'u ta yi girma, ita ke girki a murhun Inna. Baba ya raka ni maƙabarta, muka yi addu'a, muka dawo. Na lura yana tsayawa a hanya kamar mai duba wani abu, alhali numfashi yake mayarwa. Da muka zauna a zaure ya jingina da bango ya dube ni.

"An ce yanzu har mutane kuke taɓawa."

"Muna koyo dai, Baba."

Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini, yana kallon ƙofa. Na nemi izini kamar yadda zan nema wajen kowa, ya ce, "Kai, yi abinka." Na ɗora yatsu a wuyan hannunsa. Bugun na tafiya yana tsallake. Na ɗauko abin sauraren ƙirji daga jaka na saurara gaba da baya, na ji ƙarar ruwa a ƙasan huhunsa. Na ɗago ƙafarsa na ɗora a cinyata, na danna ƙaurinsa da babban yatsa. Da na ɗauke, ramin ya zauna bai cike ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kafin uwarka ta kwanta. Ban so in raba wa yara hankali biyu ba."

"Gobe za mu Birnin Kebbi. Wannan yana da magani in an fara da wuri."

"Makarantarka fa?"

"Sai mun je mun dawo."

A cikin gida Hauwa'u na daka, wani ya wuce a waje ya yi sallama muka amsa. Sannan ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Bai janye ƙafar ba, ni ma ban sauke ta ba, har aka kira la'asar.